Sana'ar bayan ritaya: Abin da doka ta ce kan haraji da makomar fansho

Da wuya a samu ɗan fansho a biranenmu da ya dogara da fanshonsa kaɗai. Tsohon malamin makaranta yana koyar da yara darasin yamma, tsohuwar ma'aikaciyar jinya tana zuwa asibitin kuɗi kwana biyu a mako, tsohon akawu ya buɗe shagon kayan masarufi ko ya ɗora yaro a kan na'urar POS, wani kuma ya sayi adaidaita sahu ya bayar ana kawo masa balas. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta ƙara yawan irin waɗannan dattawa a kasuwa.

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026 da sabbin dokokin haraji suka fara aiki, tambayoyi biyu ne suka fi damun su. Ta farko, shin gwamnati za ta rage ko ta tsayar da fanshon wanda aka gano yana wata sana'a? Ta biyu, shin za a haɗa fansho da ɗan abin da sana'ar ke kawowa a yanka haraji a kan jimillar? Fargabar ta kai wasu suna ƙin karɓar kuɗi ta banki, wasu suna buɗe asusu da sunan 'ya'yansu.

Amsar duka biyun ita ce a'a. Fansho yana da kariyar doka, ba a cire masa haraji, kuma ƙaramar sana'a ba ta rage shi. Sai dai kuɗin da sana'ar ke kawowa suna da nasu hukuncin, kuma a nan ne wanda bai san ƙa'ida ba yake yin asara.

Kariyar da fansho yake da ita

Kariyar ta samo asali daga Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 173 ya ce ba za a ɗora haraji a kan fanshon wanda ya yi wa Gwamnatin Tarayya aiki ba, sashe na 210 kuma ya faɗi haka game da ma'aikatan jihohi. Sassan biyu sun kuma hana a riƙe haƙƙin ɗan fansho ko a sauya shi ta hanyar da za ta cutar da shi, sai iyakar abin da wata doka ta yarda, sannan sun umarci a riƙa duba fansho duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake fasalin albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa.

Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta faɗaɗa wannan kariya har ga ma'aikatan kamfanoni. Sashe na 10 na dokar ya ce duk kuɗin da aka biya mutum a matsayin haƙƙin ritaya a ƙarƙashinta ba a cire musu haraji. Sabuwar Dokar Harajin Najeriya, ɗaya daga cikin dokoki huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta bar wannan tanadi yadda yake: fansho da giratuti da sauran haƙƙoƙin ritaya da aka biya bisa dokar fansho suna cikin jerin kuɗaɗen da aka keɓe.

Ma'anar keɓewa ita ce kuɗin ba sa shiga lissafi tun daga farko. Idan jami'in haraji ya zo auna abin da dattijo ya samu a shekara, zai ajiye fanshon gefe, ya duba sauran kuɗin shigarsa kawai.

Dalilin da ya sa sana'a ba ta rage fansho

'Yan fanshon Gwamnatin Tarayya kashi biyu ne. Akwai na tsohon tsari, wato waɗanda suka bar aiki zuwa ƙarshen Yunin 2007, da hukumar PTAD ke biya tun kafa ta a 2013. Fanshonsu an lissafa shi ne bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe. Akwai kuma na tsarin karo-karo da hukumar PenCom ke sa wa ido, inda a ƙarƙashin dokar 2014 ma'aikaci ke zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10, cikin wani asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin.

Kuɗin da ke wannan asusu mallakin mai shi ne. Idan ya yi ritaya, ko dai kamfanin kula da fanshonsa ya riƙa biyan sa wata-wata daga asusun, bisa lissafin abin da ya tara da shekarunsa, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora da zai riƙa biyan sa har ƙarshen rayuwarsa. A cikin hanyoyin nan babu wadda ke tambayar ko mutum yana da shago, ko yana kiwo, ko yana karɓar kuɗin haya. Jihohi suna da nasu dokokin: Kaduna ta koma tsarin asusun kowa da kansa, Kano da Jigawa kuma suna tafiyar da asusun haɗaka da ake zuba wa kuɗi daga albashi, amma a biya ɗan fansho bisa shekarun aikinsa da albashinsa. A nan ma aikin da aka riga aka yi ake biya.

Wani ɓangare na ruɗanin ya fito ne daga bayanan ƙasashen waje da ke yawo a wayoyi. A Amurka, wanda ya fara karɓar kuɗin tsufa na gwamnati kafin cikar shekarun ritaya, idan abin da yake samu daga aiki ya haura wata iyaka, ana riƙe masa Dala 1 a kan kowace Dala 2 da ta haura. A Birtaniya fanshon gwamnati yana shiga lissafin haraji, amma an yafe wa mai ƙaramar sana'a Fam 1,000 na farko a shekara. Waɗannan dokokinsu ne, kuma babu ɗaya da ke aiki a Najeriya.

Abin da ya fi tsayar da fansho a nan shi ne rashin tantancewa. PTAD tana da tsarin tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye ta waya ko kwamfuta, jihohi ma suna kiran tantancewa lokaci zuwa lokaci. Dattijon da harkar kasuwa ta ɗauke wa hankali har wa'adin ya wuce, zai iya ganin wata ya ƙare babu saƙon banki.

Iyakar da ke kan aikin gwamnati

Akwai iyaka guda da ta shafi tsofaffin ma'aikatan gwamnati, kuma tana cikin Dokar Ɗa'ar Ma'aikata a Jadawali na Biyar na tsarin mulki. Yayin da mutum yake bakin aiki na cikakken lokaci, dokar ta hana shi tafiyar da kasuwanci na ƙashin kansa, ban da noma. Ritaya tana ɗage wannan takunkumi. Amma sakin layi na 4 ya ce wanda ke karɓar fansho daga baitulmali ba zai karɓi fiye da muƙami ɗaya mai albashi ba, a matsayin shugaba ko darakta ko ma'aikaci, a kamfanin gwamnati ko wata hukumarta. Kuma ban da fanshonsa da albashin wannan muƙami guda, ba zai karɓi wani lada daga kuɗin gwamnati ba.

Don haka tsohon darakta da aka dawo da shi aikin kwantiragi a wata ma'aikata, sannan aka ba shi kujera mai albashi a hukumar gudanarwar wani kamfanin jiha, ya taka doka ko da kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta ne ke da hurumi a kan irin wannan. Aiki a makarantar kuɗi ko kamfani mai zaman kansa, ko sana'ar kai, ba su shiga wannan hani ba.

Yadda ake lissafin harajin

Sabuwar dokar ta tsara harajin mutum hawa-hawa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa Naira miliyan 3 ana biyan kashi 15 cikin 100, daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18, a ci gaba da hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kowane kaso yana aiki ne a kan kuɗin da suka faɗa cikin hawansa kaɗai. Haka kuma wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato Naira 70,000 a wata tun daga 2024, an yafe masa harajin albashi.

A ɗauki misalin malamin da fanshonsa Naira 85,000 ne a wata, wato Naira 1,020,000 a shekara, yana kuma samun Naira 45,000 a wata daga darasin yamma. Kuɗin darasin sun kama Naira 540,000 a shekara. Tun da fansho ba ya shiga lissafi, kuma 540,000 ba su kai 800,000 ba, ko kwabo ba a bin sa.

Misali na biyu, ma'aikaciyar jinya da ke samun Naira 100,000 a wata a asibitin kuɗi, wato Naira 1,200,000 a shekara, tana zaune a gidan haya na Naira 600,000. Dokar ta ba mai zaman haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, matuƙar rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Nata rangwamen ya kama Naira 120,000, saura Naira 1,080,000. A fitar da 800,000, saura 280,000. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 42,000 a shekara, wato Naira 3,500 a wata. Idan asibitin ya ɗauke ta a matsayin ma'aikaciya, shi ne zai riƙa cirewa daga albashinta ya miƙa wa hukumar harajin jiha. Rangwamen hayar kuwa sai ta nema, ta kuma nuna shaidar biya.

Abin lura shi ne Naira 800,000 ɗin nan sau ɗaya ake ba mutum a shekara. Wanda yake da shago da ɗakunan haya da keke, za a haɗa ribar ukun wuri guda kafin a cire masa su.

Riba ake duba, ba yawan ciniki ba

Ga mai saye da sayarwa, nan ne zancen ya fi muhimmanci. Doka tana ɗora haraji a kan riba, wato abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin sarin kaya da sauran abubuwan da aka kashe domin sana'ar.

A ce tsohon akawu ya yi cinikin Naira miliyan 9 a shekara a shagonsa. Ya sari kaya na Naira 7,200,000, hayar shago Naira 300,000, ladan yaron shago Naira 360,000, wuta da dakon kaya Naira 140,000. Abin da ya kashe ya kama Naira miliyan 8, ribarsa Naira miliyan 1. Yana kuma da ɗakuna biyu da ya bayar haya a kan Naira 400,000. Jimilla Naira 1,400,000. A cire 800,000, saura 600,000, harajinsa Naira 90,000 ke nan a shekara.

Wannan lissafi yana tsayawa ne idan akwai shaida. Dokar ta ba hukuma damar yin ƙiyasi a kan wanda ba ya ajiye bayanin cinikinsa. Jami'in da ya ga miliyan 9 sun ratsa asusun mutum, babu rasit ɗin sari, babu littafin ciniki, zai yanke abin da ya ga ya dace, mai shago kuma ba shi da abin kare kansa. Littafin makaranta guda da ake rubuta shiga da fita kullum, da jakar ajiye rasit, sun isa su raba gardama. Cefanen gida da kuɗin makarantar jikoki ba sa cikin abin da ake cirewa, domin ba kuɗin sana'a ba ne.

Masu POS sun fi kowa buƙatar wannan. Kuɗin da ke ratsa na'urar na kwastomomi ne, rabon mai ita shi ne ɗan cajin da yake karɓa. Idan ya cakuɗa asusun sana'ar da na fanshonsa, bayyana wannan zai yi masa wahala. Ware asusu guda ga fansho, wani ga sana'a, shi ne mafi sauƙi.

Akwai kuma masu jin cewa an yafe wa ƙananan kamfanoni haraji, su ɗauka har da su. Wannan sassauci na kamfanonin da aka yi wa cikakkiyar rajistar kamfani ne. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, doka tana kallon ribarsa a matsayin kuɗin shigarsa na ƙashin kai, ana kuma auna shi da matakan da aka ambata a sama. Kuɗin shara da na rumfa da lasisin shago da ƙananan hukumomi ko hukumomin kasuwa ke karɓa, su ma daban suke da harajin kuɗin shiga.

Kuɗin da ba a bin su haraji

Ba duk kuɗin da suka shiga asusu ne kuɗin shiga ba. Abin da 'ya'ya ke turo wa iyayensu kyauta ce, kuma kyauta ta tsakani da Allah ba a cire mata haraji. Kwasar adashi ajiyar mutum ce ta dawo masa. Rance bashi ne da za a biya. Gado ma babu haraji a kan karɓarsa, sai dai idan gidan da aka gada yana kawo haya, kuɗin hayar suna shiga lissafi. Yana da kyau mai turo kuɗi ya rubuta dalilin turawar a gurbin bayani, domin wannan ɗan rubutu shaida ce.

Dokar ta umarci bankuna su riƙa ba hukuma rahoton asusun da ake hada-hadar miliyoyi masu yawa a cikinsa duk wata, adadin da ya yi wa mai ƙaramar sana'a nisa. Naira 50 da ake cirewa idan an tura Naira 10,000 ko fiye kuwa kuɗin hatimi ne, ba su da alaƙa da harajin kuɗin shiga. Buɗe asusu da sunan ɗa ko ƙane domin ɓoye ciniki ba ya rage komai, sai dai ya ɗora lissafin a kan wani, ya kuma bar baya da ƙura ranar rabon gado.

Harajin da ake cirewa kafin a biya

Asarar da ta fi yawa tana faruwa ne ga masu aikin ƙwarewa na lokaci-lokaci: injiniyan da kamfani ya kira duba gini, akantan da ya daidaita wa wata ƙungiya littattafanta, malamin da ya gabatar da bita. Ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025 sun umarci kamfanoni da hukumomi su cire wani kaso kafin su biya: kashi 5 cikin 100 a kan ladan ba da shawara da aikin ƙwararru da kamasho, kashi 2 a kan kawo kaya, kashi 10 a kan kuɗin haya. Wanda ba shi da lambar haraji, ana ninka masa kason a kan aiki da kawo kaya.

Injiniyan da aka yi yarjejeniya da shi a kan Naira 600,000, za a cire masa Naira 30,000 idan yana da lamba, Naira 60,000 idan babu. Wannan kuɗi kafin alƙalami ne na harajinsa na shekara. Idan wannan aikin ne kaɗai ya yi a shekarar, bai kai iyakar 800,000 ba, ke nan abin da aka cire haƙƙinsa ne, yana iya neman a mayar masa ko a ajiye masa don shekara mai zuwa. Amma sai yana riƙe da takardar shaidar cirewa daga wanda ya biya shi, kuma ya bayyana kuɗin shigarsa ga hukuma. Da yawa ba sa neman takardar, kuɗin kuma su tafi ke nan.

Rajista da bayyana kuɗin shiga

Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, ko da daga Abuja fanshonsa yake fitowa. Mazaunin Kano zai je hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano, na Kaduna ta Kaduna, mazaunin Abuja kuma ta Birnin Tarayya. A sabon tsarin, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ce tushen lambar harajin mutum.

Duk mai sana'a ko aikin da ke kawo kuɗi, doka ta ɗora masa bayyana abin da ya samu a shekarar da ta gabata kafin ƙarshen watan Maris, ko da lissafin zai nuna ba a bin sa komai. Dokar Gudanar da Haraji ta 2025 ta sa tarar Naira 100,000 a watan farko ga wanda ya ƙi, da Naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Malamin nan na misalin farko ba a bin sa haraji, amma sakaci da takarda guda na iya jawo masa tarar da ta fi kuɗin darasinsa na wata biyu. Bayyanawar ce kuma ke ba mutum takardar shaidar biyan haraji, wadda ake nema wajen mu'amalar filaye da neman kwangila.

Ƙara ajiya daga sana'ar

Wanda ya samu aikin kwantiragi bayan ritaya yana iya ci gaba da zuba kuɗi na ganin dama a asusun fanshonsa ta hannun wanda ya ɗauke shi aiki, bisa ƙa'idojin PenCom. Gudummawar fansho tana cikin abubuwan da ake fitarwa kafin lissafin haraji, don haka tana rage abin da za a biya. Sharaɗin da sashe na 10 na dokar 2014 ya gindaya shi ne, idan aka cire kuɗin kafin su cika shekara biyar, ribar da suka haifar za a cire mata haraji. Ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ba su taɓa aikin albashi ba, an buɗe tsarin ƙaramin fansho a watan Maris na 2019, wanda ke ba mutum damar zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko mako-mako ko wata-wata. Mai shekara 65 ya auna lafiyarsa da buƙatun gidansa kafin ya ɗaure kuɗi na shekara biyar. Mai shekara 50 da ya bar aiki da wuri yana da sararin yin hakan.

Dattijon da ke shirin kama sana'a, ko wanda ya riga ya fara, abubuwan da ke gabansa ba su da yawa: ya ware wa sana'ar asusunta, ya ajiye littafi da rasit, ya tabbatar lambarsa ta NIN tana aiki a matsayin lambar haraji, ya karɓi takardar shaida duk lokacin da aka cire masa wani kaso, ya kai bayaninsa ofishin harajin jiharsa kafin Maris ya ƙare, kuma ya kiyaye ranar tantancewar fansho. Idan aikin da aka yi masa tayi na gwamnati ne, ya ƙidaya muƙaman da yake riƙe da su kafin ya sa hannu.